An sayar da unguwar ne? Ga takardar da ya kamata ku nema

Tun da maganar kafa kwamitin hukuma da 'yan kasuwa don kula da unguwa ta yaɗu, tambaya ɗaya ake ta jefowa: shin gwamnati ta sayar wa 'yan kasuwa unguwa ne? A'a. Titin nan da kuke gani na jama'a ne, fitilun ma haka. Abin da ake kafawa kwamitin haɗin gwiwa ne, hukuma da masu kasuwanci su zauna tebur ɗaya su kula da yankin da ake sabuntawa.

Matakan farko ba su da wuya. A shata iyakar yankin a taswira. A kaɗa ƙuri'a. In an amince, kowane mai kasuwanci a ciki ya biya ɗan ƙari a kan harajinsa, hukuma ta karɓa ta miƙa wa kwamitin. A Toronto ta Kanada aka fara wannan, a unguwar Bloor West Village, a 1970. Ingila ta yi dokarta a 2003, kuma can sai an samu rinjaye biyu: na yawan masu ƙuri'a, da na darajar kadarorinsu. A New York, wakilan magajin gari da na kansilan yankin suna da kujera a kwamitin.

To, a nan nake so mu tsaya.

Kuɗin nan ƙari ne. Ba a tara shi don ya ɗauke wa hukuma aikinta ba. Amma ta yaya za a tabbatar? Kafin a karɓi ko sisi, sai hukuma ta rubuta abin da take yi wa yankin a yanzu. Sau nawa ake share titi a mako. Yaushe motar shara ke zuwa. In fitila ta mutu, kwana nawa kafin a gyara. Ƙa'idojin Ingila na 2004 sun wajabta a saka wannan bayani a cikin takardar da ake kaɗa wa ƙuri'a.

Ɗauki misalin wani titi. A ce hukuma na share shi sau uku a mako, kwamiti ya ɗauko ma'aikata suka ƙara sau huɗu. Kullum ke nan ana shara. Bayan shekara biyu kasafin hukuma ya matse, sai ta janye nata ma'aikatan a hankali, tunda ga wasu can suna yi. Titin bai yi datti ba, don haka ba mai lura. Amma 'yan kasuwa yanzu suna biya sau biyu don aiki ɗaya, harajin da ƙarin. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne hukuma ta saki igiya, yankin ya koma dogaro da aljihun masu kuɗi. Ranar da suka ce sun gaji, ba mai shara ko ɗaya.

Shi ya sa sa ido nan hanya biyu ce. Hukuma na duba littafin kuɗin kwamiti, wannan kowa ya sani. Kwamiti ma dole ya riƙa duba hukuma, da waccan takardar a hannunsa, layi bayan layi. Ni a ganina kwamitin da bai taɓa buɗe ta a zamansa ba bai fara aikinsa ba tukuna, komai kyawun furannin da ya dasa.

Mazauna unguwa fa? Yawanci ba su da ƙuri'a, tunda ba su ke biyan ƙarin ba, kuma wannan giɓi ne na gaske. Amma takardar ta shafe su, domin harajinsu ne ke biyan waccan sharar sau uku. Suna da damar tambayar kansilansu ina take.

A Ingila wa'adin kwamiti ba ya wuce shekara 5, daga nan sai a sake ƙuri'a. Ranar da za a sake, a ɗauko takardar farko a ajiye gefen rahoton bana, a ƙirga sau nawa motar hukuma ta zo.