Ƙwai, Farin Magi da Tuwon Alkama: Maganar Wa Za Mu Kama?

(An rubuto wannan daga faifan muryar laccar da wata ma'aikaciyar lafiya mai kula da harkar abinci ta gabatar a wani taron unguwa a Kano. An taƙaita gaishe-gaishe.)

Assalamu alaikum. Iyayena maza, iyayena mata, da ƙannena da ke can baya, sannunku da zuwa. Na bakin ƙofa ku shigo, akwai sauran tabarma a nan gaba.

Kwanan baya wata baiwar Allah ta same ni a wurin aiki, ta nuna mini saƙo uku da aka turo mata a waya cikin mako guda. Na farko ya ce ƙwai guba ne ga wanda ya haura arba'in. Na biyu ya ce a ci ƙwai uku kowace safiya. Na uku wani ne da farar riga yana rantsuwa duk ciwon ƙodar da ake fama da shi daga farin magi ne. Ta ce, "Malama, to ni yanzu me zan dafa wa maigida?" Na ce ai dambu in ya yi yawa ba ya jin mai, zauna mu bi su ɗaya-ɗaya.

Mu fara da ƙwai. A 1968 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce kada mutum ya wuce gwaiduwa uku a mako, saboda kolestarol, wato kitsen nan da ke taruwa a hanyoyin jini. Hankali ya ɗauka: gwaiduwa na da shi, to a rage ta. Da bincike ya yi nisa sai aka gane mafi yawan kolestarol ɗin da ke jininka hantarka ce ke yin sa, wanda kake ci a ƙwai bai cika ɗaga shi sosai ba ga yawancin mutane. A 2015 gwamnatin Amurka ta cire iyakar miligram 300 na kolestarol a rana daga jagoran abincinta. To amma saƙo a waya ba ya tsufa. Na jiya da na shekara hamsin tare suke yawo.

Kuma wa aka yi wa waccan nasihar tun farko? Ba'amurke ne mai karyawa da ƙwai da nama da bota kullum. Mu nan har yanzu akwai gidan da ake hana yaro ƙwai wai kada ya zama ɓarawo. Yaron da rabonsa da nama tun layya, a ce masa ya rage ƙwai? Wane ƙwan? Wannan ƙari yake nema. Duk shawarar da ta zo miki, Hajiya, fara tambaya: da wa ake?

Sai farin magi, wanda aka fi yi wa ƙazafi. Wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya gano sinadarinsa a 1908 daga wata ciyawar teku da suke yin romo da ita. Sinadarin nan yana cikin tumatir, yana cikin nonon uwa, shi ne kuma ke ba daddawarmu ɗanɗanon da take ba miya. Tsoronsa ya taso daga wata wasiƙa da wani likita ya aika wa wata mujallar likitoci a Amurka a 1968, yana cewa jikinsa na yin wani iri in ya ci abincin 'yan Sin. Gwaje-gwajen da aka yi bayan nan ba su tabbatar da cutarwa ba a gwargwadon da ake sawa a girki.

Amma kada ku tafi gida ku ce Malama ta wanke magi. (Dariya.) Ɓarawon na nan, wani muka kama. Dunƙulen magin da muke marmashewa a miya, wajen rabinsa gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai gram 5 na gishiri a yini, kusan ƙaramin cokalin shayi ke nan. Yanzu ki ƙirga tukunyarki: dunƙule shida, ga gishiri, ga garin ɗanɗano na leda, ga kanwa a wake ko a miyar kuɓewa. Kanwa ma sodiyam ce, sinadarin da ke cikin gishiri mai tayar da hawan jini. Ga yaji a gefe, shi ma an daka shi da magi. Tun shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka alaƙanta shi da kunun kanwa da zafin wankan jego. Daga baya binciken da aka yi a nan Kano ya ƙaro wani abu, ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin masu ciwon. Haka ilimi yake tafiya, na baya ya ƙara a kan na gaba. Ni dai mai jego mai hawan jini ba na barin ta da kunun kanwa.

Gishirin kuma a rage ne, ba a daina ba, kuma a sayi mai sinadarin aidin, don rashinsa ke kawo maƙoƙo. Manyanmu sun san yadda maƙoƙo yake da yawa a da.

Inda raina ya fi ɓaci shi ne wajen masu ciwon suga. Da an ce mutum na da shi, sai dangi su taru: a daina tuwon dawa, a koma alkama, a nemo acca ko nawa take. Bawan Allah ya zauna ya tashi da malmala biyu ta alkama, hankalinsa kwance wai magani yake ci. Alkama sitaci ce, acca sitaci ce, duk suga suke komawa a jini. Garin semo ɗin da aka hana shi ma ai alkama ce aka cire wa dusa. Malmala ɗaya madaidaiciya ta dawa da ba a surfe ta ƙal ba, da miyar kuka ko zogale mai yawa da ɗan wake, ta fi masa waccan biyun. Haka zuma. Tana da albarkarta, ba na musu, amma wajen kashi 80 cikin 100 nata suga ne. Zuma ai da zaƙi da harbi. Zoɓo kuma gaskiya ne an gwada an ga yana ɗan sassauta hawan jini, amma ba zoɓon da aka juye wa gwangwanin suga ba. Robar lemo ta rabin lita tana ɗauke da suga kamar gram 50, wato duk abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarje wa babba a yini, a zama ɗaya.

Akwai kuma kuɗi a cikin lamarin. A 2016 aka tono takardun da suka nuna masu kamfanonin suga a Amurka sun biya wasu masanan jami'ar Harvard, suka wallafa nazari a 1967 mai sassauta laifin suga, ya jibga wa kitse. In an yi haka a can, ina ga mai bidiyon da zai tsorata ka minti biyar, a ƙarshe ya ɗago kwalba ya ce ga lambar waya?

Abin da ban taɓa ganin an janye ba ɗan kaɗan ne, shi ya sa ba a tura shi a waya, ba shi da armashi. Ganye da 'ya'yan itace kamar gram 400 a yini, hatsi da dusarsa, wake, a rage gishiri da zaƙi. Ba sai tuffa ba. Rama, yakuwa, zogale, kabewa, gwanda, goba, mangwaro a lokacinsa. Batun yawa kuwa, hadisi ya riga mu: kashi ɗaya cikin uku na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi.

Na ga hannu a can. Bismillah, Baba.

(Wani dattijo ya tambaya: manja da man gyada, wanne ya fi?)

Allah ya ƙara girma, Baba. Man gyada ya fi sauƙi ga zuciya, domin manja wajen rabinsa kitse ne mai daskarewa. Amma jan nan na manja shi ne abin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai kare idon yara. In aka bar shi a wuta har ya yi hayaƙi ya koma fari, an ƙone amfanin, an bar kitsen. A zuba kaɗan, kada a ƙona shi. Wanda nake tsoro shi ne man kaskon da aka soya ƙosai jiya, aka soya awara yau, gobe ma shi ne, har ya yi baƙi. Wannan a zubar.

Ga kiran salla can. Masu sauran tambaya ku same ni bayan la'asar, ina nan a zauren.