Jawabin Maraba ga Mai Girma Minista a Taron Iyaye Mata Masu Renon Yara Masu Naƙasa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Minista, babbar baƙuwarmu ta yau, ranki ya daɗe. 'Yan tawagarki, likitoci da ma'aikatan jinya da malaman makaranta da suka amsa gayyatarmu, mazajen da suka rako iyalansu, da ku 'yan'uwana mata, ina yi wa kowa barka da zuwa.

Ranki ya daɗe, a madadin matan da ke zaune a gabanki ina yi miki lale marhabin. Mun san aiki ya yi miki yawa. Da wakili kika turo, da mun karɓe shi hannu bibbiyu, amma kika taso da kanki. Zuwa da kai ya fi aike, musamman a irin wannan zama, domin abin da muke so ki sani ba ya shiga takarda duka.

Ina roƙonki afuwa tun da wuri. Za ki ji hayaniya yayin da nake magana, wani yaro zai yi ƙara, wata uwa za ta tashi ta fita da nata ta dawo. Da yaranmu muka zo, domin ba mu da inda za mu bar su. Za kuma ki ga kujeru babu kowa a kansu. Masu su sun yi niyyar zuwa, amma ba su sami wanda zai riƙe musu yaro na awa biyu ba. Ki dubi waɗannan kujeru da kyau, ranki ya daɗe, domin a kansu jawabina zai tsaya.

Ni uwa ce. Ɗana yana da shekara 11, kuma tun haihuwa ya samu rauni a ƙwaƙwalwa wanda ya hana shi zama da tafiya da kansa. A cikinmu akwai uwar kurma, da uwar makaho, da mai ɗa mai farfaɗiya, da wadda ɗanta ke da galahanga. Muna ƙaunar 'ya'yanmu, kuma ba kuka da su muka zo yi ba. Ranar da ɗana ya fara riƙe cokali da hannunsa, na yi farin cikin da ban taɓa yin irinsa ba. Amma ƙauna ba ta hana baya ciwo idan kullum kina ɗaga yaron da nauyinsa ke ƙaruwa, ke kuma ƙarfinki na raguwa. Ba ta kuma mayar da barcin da aka katse sau uku ko huɗu a dare, shekara da shekaru.

Ba mu kaɗai ba ne. A shekarar 2021 Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya ƙiyasta cewa yara kusan miliyan 240 ne ke da naƙasa a duniya, wato ɗaya cikin kowane goma. A mafi yawan gidajen nan mace ce ke wanka da ciyarwa da kai wa asibiti da kwana a zaune. An ƙirga yaran, kuma ya kamata a ƙirga su. Mu da muke bayansu ne ba a cika tambaya ba. Na yi shekaru ina kai ɗana wurin gashin ƙashi, ana auna shi, ana rubuta yadda yake ci da yadda yake barci, kafin wata ma'aikaciyar jinya ta ɗago kai wata rana ta ce da ni, "Maman yaro, ke kuma yaya kike?" Ban iya ba ta amsa ba, hawaye ne suka zubo.

Damuwar da muke magana a kanta ba raunin imani ba ce, ba kuma raki ba ne. Abu ne da ke faruwa a jiki. Idan mutum ya firgita, jikinsa yana sakin sinadaran da ke sa zuciya bugawa da sauri, jijiyoyi su ɗaure, barci ya gudu, domin ya tsere wa haɗari. Da haɗarin ya wuce sai jiki ya sauka. Ita kuwa uwar da kunnenta ke kan numfashin ɗanta dare da rana, jikinta ba ya samun wannan sauka. Daga nan ciwon kai ke shigowa, da hawan jini, da mantuwa, da saurin fushi da take jin kunyarsa daga baya. A shekarar 2004 masu bincike a Amurka, ciki har da Elissa Epel da Elizabeth Blackburn wadda ta samu kyautar Nobel a 2009, sun auna jinin mata 58, 39 daga cikinsu masu jinyar yaro mai doguwar lalura. Sun duba wani abu a bakin zaren ƙwayar halitta mai kama da ƙullin da ake yi wa igiya don kada ta warware, wanda ke gajarcewa yayin da mutum ke tsufa. Sai suka ga gwargwadon shekarun da uwa ta yi tana jinya, gwargwadon gajartarsa. Matan da suka fi jin nauyin damuwa kuwa, ƙwayoyin jikinsu sun yi kama da na waɗanda suka girme su da shekara goma. Da aka karanta mana wannan, babu wadda ta yi mamaki. Mun daɗe muna gani a madubi.

Ba mu zauna muna jira ba. A zaman da muke yi mun koyi abubuwa masu amfani. Mun koyi jan numfashi a hankali, a sake shi a hankali fiye da yadda aka ja, domin hakan yana rage bugun zuciya a lokacin da yaro ke birgima kina ji kamar kanki zai fashe. Mun koyi cewa idan yaro ya yi barci da rana, gara uwa ta kwanta ita ma, wanki ya jira. Mun koyi neman taimako da sunansa: maimakon "na gaji", ki ce wa ɗan'uwanki "zo ka zauna da shi ranar Asabar daga safe zuwa azahar". Mun koyi daina amsa tambayar masu cewa me kika yi lokacin da kike da cikinsa, domin tambaya ce da ke ɗora wa uwa laifin da ba nata ba. Mun kuma koyi gane iyaka: idan baƙin ciki ya kai mako biyu bai ɗaga ba, abinci ya fita a rai, ko tunanin cutar da kai ya fara zuwa, to lokacin ganin likita ya yi, kuma babu abin kunya a ciki. Abin da ya fi komai yi mana magani shi ne zama da juna. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma a nan ba sai kin yi dogon bayani ba kafin a gane ki.

Sai dai, ranki ya daɗe, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kowa yana ce mana "ki yi haƙuri", kuma muna yi, da addu'a muke kwana da ita muke tashi. Likita yana cewa "ki samu hutu". To, wa zai riƙe yaron? Duk dabarun da na lissafa suna buƙatar abu guda, wato lokaci, kuma uwa ba ta samunsa sai wani hannu ya karɓe ta. Shawarar hutu ga wadda ba ta da mai canjinta tana ƙara mata wani nauyi ne, domin sai ta ga kamar ita ce ta kasa.

Saboda haka babban roƙonmu shi ne hutun mai reno: wuri amintacce da ma'aikatan da aka horar, inda uwa za ta bar ɗanta na 'yan awoyi a mako hankalinta kwance, ta je ta ga likitan kanta, ta yi sana'arta, ta kula da sauran 'ya'yanta waɗanda su ma suke jiranta, ko kuma ta yi barci kawai. Ba sabon abu muka ƙirƙiro ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Masu Naƙasa, wadda aka amince da ita a 2006, ta ambaci wannan hutu a sashe na 28, tare da horo da shawara da tallafin kuɗi ga iyalai marasa ƙarfi.

Muna kuma roƙo a sa tambayar nan da aka yi mini, "ke kuma yaya kike?", cikin aikin duk wanda ke duba irin yaranmu, a auna jinin uwa a ranar da aka auna ɗanta, domin ba za ta sake fitowa don kanta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin horar da masu reno, zaman rukuni 9 da ziyarar gida 3, wanda ma'aikacin da ba ƙwararren likita ba zai iya koyarwa, kuma a cikinsa akwai kula da lafiyar mai renon kanta. Muna so ya iso gare mu, kuma a gayyaci iyaye maza. Waɗanda suka zo yau muna gode musu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ranki ya daɗe, mun ware lokaci bayan jawabinki domin ki zauna da wasu daga cikinmu ba tare da lasifika ba. Akwai kuma saƙonni da matan da suka kasa zuwa suka aiko, na yi musu alkawarin zan damƙa miki su hannu da hannu, ga su nan. Allah ya saka miki da alheri, ya mayar da ke gida lafiya. Yanzu ina gayyatarki ki yi mana jawabi. Bismillah, ranki ya daɗe.