Jirgin Kwali da Darasin Awo

Wani malamin zanen fasaha ne ya gabatar da wannan lacca ga ɗalibai da malamansu a zauren wata makaranta cikin garin Sakkwato. An rubuto ta daga naɗin murya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena malamai, Allah shi ƙara girma. Ƙannena ɗalibai, ku matso gaba, abin da na zo da shi na gani ne.

Wanga jirgi da ke bisa tebur, babu ƙarfe ko roba a jikinsa. Kwali ne da gam, sai tsinke biyu a cikin fiffike. Kwafin Boeing 737-800 ne. Na gaskiyar tsawonsa mita 39.5, wanga kuwa santimita 39.5. Faɗin fikafikan na gaskiya, har da lanƙwasar bakinsu, mita 35.8, wanga santimita 35.8. Shi ake ce wa awon ɗaya bisa ɗari, a rubuta 1:100. Komai na jikinsa an raba shi gida ɗari an ɗauki ɗaya, daga hanci har taga. Ba ya tashi, ba don tashi anka yi shi ba. An yi shi don ya faɗi gaskiyar siffar babban.

Ni da karan dawa na fara, kamar yawancin waɗanda sunka tashi a garin nan. Bayan girbi mu ɓare kara, mu fere totuwa mu yi tayoyi, mu haɗa mota mu ja ta cikin lungu. Da munka fara ganin jiragen alhazai suna sauka, sai munka koma yin jirgi. Har gobe ina ganin yara suna yin haka da gwangwani da silifas, kuma wallahi hannunsu yana da kyau. Amma ka tambayi yaro don me ya yi fiffiken nan da wanga tsawo, zai ce maka haka ya gani ya dace. To a nan ƙorafina yake. Hannu muna da shi, ido muna da shi. Rula ce ba mu sa a hannun yaro da wuri ba, sai ya kai aji na sama ya haɗu da ita a matsayin abin jarrabawa.

Kada wani ya ce ilimin awo baƙo ne gare mu. Lokacin da Bature Kilabatan ya dawo ƙasar nan a 1826, cikin kyautar da ya kawo wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello akwai littafin handasa, wato ilimin awon siffofi, na Iƙlidis, masanin Girka na dā, da Larabci. Sarkin Musulmi ya shaida masa cewa gidansu dā ma suna da shi, gobara ce ta cinye. Ku duba ku gani, shekara ɗari biyu ke nan.

Mu koma ga aikin. Kayan ba su da tsada: rula ta ƙarfe, reza ko wuƙar yankan takarda, almakashi, fensir mai tsini, biro da tawadarsa ta ƙare, da farin gam irin na kafintoci. Takardar rubutu mai nauyin giram 80 ta yi laushi, ba ta riƙe siffa. Ku nemi kwali mai giram 160 zuwa 200 wurin masu buga katin biki, ko ku yi da bayan tsohuwar kalanda. Na ƙashin ciki kuwa kwalin sukari ko na sabulu, a manna biyu ko uku su yi kauri. Kwalin katon mai ramuka a ciki bai yi ba, yana karyewa wurin lanƙwasa.

Akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: kwali yana da jijiya, kamar yadda itace yake da ita. Tela ma ya san yadi yana da tsaye yana da kwance. Ku ɗauki falle ku lanƙwasa ta nan, ku sake ta can. Za ku ji gefe ɗaya yana bi da sauƙi, ɗayan yana gardama. Jikin jirgi a bin gefen mai sauƙi ake naɗe shi. Jirgina na farko ban san haka ba, na naɗe shi a saɓanin jijiya, jikin ya fito duk ƙwarya-ƙwarya, kwana uku na aiki sunka tafi. Na ji zafin abin sosai, shi ya sa nake fara koya wa kowa wannan tun kafin ya taɓa reza.

Yanzu lissafi. Faɗin jikin wanga jirgi na gaskiya mita 3.76 ne, namu ke nan santimita 3.76. Za ka yanka da'irori na kwali mai kauri, su ne haƙarƙari, ka jera su. Fatar da za ta zagaye su, nawa za ka yanka? Ka ninka 3.76 da 3.14, ka sami kusan santimita 11.8. Ga shi nan, 3.14 ɗin da kuke haddacewa kuna tambayar amfaninsa. In ka rage milimita biyu, baki ba zai haɗu ba. In ka ƙara, fata ta yi cika ta tattare. Babu malamin da zai ja maka jan biro, kwalin ne da kansa zai ƙi.

Wuri mafi wuya shi ne hanci. Kwali yana yarda ya zama bututu, yana yarda ya zama mazurari, amma ba ya yarda ya zama ƙwallo, domin ba ya lanƙwasuwa ta fuska biyu a lokaci guda. Ku tuna ɓawon lemo, ba ya shimfiɗuwa sai ya tsage. Dabara biyu ce. Ko dai ka yi zobba na mazurari, kowane ya fi na bayansa ƙanƙanta, har su tsuke a baki, ko ka yanka shi ɓari-ɓari kamar kabewa ka tattaro kawunansu. Ni na fi son zobba, don sun fi sauƙin gyara, kuma tagogin matuƙi sun fi zama daidai. Dukawan garin nan da ke ɗinka timtim da jakar fata sun san wagga matsala tun kaka da kakanni, yadda shimfiɗaɗɗen abu zai koma dunƙulalle. Ku je ku zauna wurinsu ku kalli yadda suke yanka.

Fiffike kuwa, tsinke ake sa masa a ciki ya zama ƙashin baya, kuma a ɗaga bakinsa sama kaɗan kamar yadda yake a jirgin gaske, ɓangarorin biyu daidai wa daida. Duk inda za a karya kwali, a fara bin layin da mataccen biro.

Gam a ɗebo shi da bakin tsinke. Ruwa ne a cikinsa, in ya yi yawa kwali ya kumbura. Yanayinmu ma yana da nasa hukunci. Da hunturu kafin ka haɗa baki biyu gam ya bushe, don haka shafa kaɗan-kaɗan, santimita biyu ko uku a lokaci. Da bazara gumin hannu ke ɓata farin kwali, ka ajiye tsumma kusa. Da damina kuwa ka ba shi kwana guda kafin ka ɗora wani sashe.

Na'am, ƙanena, ɗaga murya. Yana tambaya ko wanga ba wasan yara ba ne. Madalla da tambaya. A 1878 wani uba a Amurka ya kawo wa 'ya'yansa biyu abin wasa mai tashi, na takarda da gora da roba. Sunka yi wasa da shi har ya lalace, sunka ƙera nasu. Su ne Wilba da Obil Rait. A 1901 sunka haɗa akwatin hura iska sunka gwada ƙananan fikafikai wajen ɗari biyu, suna auna kowane suna rubutawa. Ranar 17 ga Disamba, 1903, jirginsu ya tashi na daƙiƙa 12, ya yi tafiyar mita 37, bai ma kai tsawon wanga Boeing ba. Shekara 22 bayan haka, a Nuwamban 1925, jirage uku sunka sauka a Kano, na farko a Nijeriya. Yau ga filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a bakin garinmu, ga kwalejin koyon aikin jirgin sama a Zariya tun 1964. Ina so in ga ɗan Sakkwato a can yana gyaran inji, ba a kujerar fasinja kawai ba.

Iyayena malamai, roƙona gare ku, ku ba mu awa ɗaya a mako da tebur biyu. Ku kuma ƙannena, ku kasu biyar-biyar. Kowane rukuni ya karɓi falle biyu da rula ɗaya. Reza tana hannun malami sai an zo yanka. Yau haƙarƙari kawai za mu yi, da'ira takwas, kowace santimita 3.76. Wanda ya gama ya kawo in auna.