Darasi: Me ya hana tauraron ɗan'adam faɗowa ƙasa?

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake haɗuwa a filin kimiyya. Duk mai biro da takarda a kusa ya jawo su, domin yau akwai 'yan alƙaluma da nake so ku rubuta da hannunku.

Tambayar da ɗalibai suka fi yi mini ita ce: Malam, me ke riƙe da tauraron ɗan'adam a sama har ya yi shekaru bai faɗo ba? Amsar da aka saba ji a gari ita ce wai can sama babu ƙarfin nan na duniya da ke janyo komai ƙasa. Wannan amsa kuskure ce, kuma ina so mu kawar da ita tun yanzu. Ku ɗauki tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda mutane ke zaune a cikinta ba yankewa tun watan Nuwamban 2000. Tana kimanin kilomita 400 ne kawai sama da mu. A wannan nisa ƙarfin janyowar duniya bai ragu da wani abin kirki ba, yana nan kusan kashi 90 cikin 100. Da za a gina hasumiya mai tsawon kilomita 400, mutum mai kilo 70 ya hau ƙolinta ya taka sikeli, kilo 62 ko kusa da haka zai gani.

To me ya hana tashar faɗowa? Babu abin da ya hana ta. Faɗowa take yi dare da rana, sai dai ba ta taɓa samun ƙasar ba.

Ku saurara da kyau, nan ne zuciyar darasin. Isaac Newton na Ingila ya ba da misali da igwa a kan wani dutse mai tsayin gaske, wanda ya zarce iska. Aka harba harsashi a miƙe, gefe, ba sama ba. Ya yi tafiya, ya lanƙwaso, ya faɗi. Aka ƙara albarushi, ya faɗi can gaba. Aka sake ƙarawa, ya ƙara nisa. To amma duniya ba shimfiɗa ba ce, dunƙulalliya ce, tana lanƙwasawa a ƙarƙashin harsashin yayin da yake tafiya. Ku rubuta lambobi biyun nan. Duk abin da aka saki, a sakan na farko yana faɗuwa kimanin mita 5. Ita kuma duniya, in ka yi tafiyar kilomita 8 a miƙe sak, doronta ya kauce maka ƙasa da kimanin mita 5. Kun ga inda maganar ta nufa? In harsashin nan yana cin kilomita 8 a kowane sakan, ya faɗo mita 5, ƙasar ma ta kauce mita 5. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta canja ba. Sakan na gaba haka, na gaba haka, har ya zagayo duniya ya iso inda aka harba shi. Wannan hanyar zagaye ita ce falaki.

Shi ya sa kuke ganin 'yan sama jannati na yawo a iska a cikin tashar. Su da ɗakin da suke ciki tare suke faɗuwa, da gudu ɗaya, don haka daɓen ba ya tokare musu ƙafa.

Gudun tashar nan kilomita 7.7 ne a sakan, wato wajen kilomita 28,000 a awa. Daga saman Kano zuwa saman Legas ba ta cika minti 2 ba. Tana gama zagaye ɗaya cikin kimanin minti 92, kusan sau 16 a yini. Kuma saboda tana ƙasa-ƙasa tana wannan gudu, mai kallo daga wuri ɗaya 'yan mintuna kaɗan yake samunta kafin ta ɓace. Wannan ne dalilin da ya sa a farkon shekarun 1960, lokacin shirin Mercury na fara tura mutum sararin samaniya, hukumar NASA ta Amurka ta jera tashoshin bibiya a kewayen duniya, wannan na miƙa wa wancan, kuma ɗaya daga cikinsu a Kano take. Ranar 20 ga Fabrairun 1962 da ɗan sama jannatin Amurka John Glenn ya zagaya duniya sau 3, tashar Kano na cikin masu bin sawunsa.

Yanzu ga abin da nake so ya zauna muku: wahalar zuwa falaki ba ta hawa sama ba ce, ta gudu ce. In ka lissafa ƙarfin da ake kashewa wajen ɗaga kilo ɗaya zuwa kilomita 400, sannan ka lissafa na ba shi gudun kilomita 7.7 a sakan, na gudun ya ninka na ɗagawar kusan sau 8. In kun taɓa kallon tashin roka, za ku lura ba ta daɗewa tana miƙewa sama. Ta fara da miƙewa ne don ta fita daga iska mai kauri, domin a nan ƙasa irin wannan gudu ƙone ta zai yi, sannan ta kwanta gefe, kuma yawancin man nata a kwancen take ƙona shi. Galibi gabas ake dosa, saboda duniya da kanta gabas take juyawa, a kan layin ikwaita, wanda ya raba duniya arewa da kudu, da gudun kimanin kilomita 1,670 a awa, kuma roka na samun wannan kyauta tun tana kan ƙasa. Abin da ya kai Turawa gina tashar harba rokokinsu a Kourou ke nan, a yankin Guyana na Faransa, kusa da ikwaita.

Sai mu koma ga ita rokar, nan aikin injiniya yake. Jirgin sama yana dogara da iska, fukafukansa a kanta suke hawa, injinsa kuma ita yake shaƙa. Roka ba ta da wannan gata. Dole ta ɗauki manta, ta ɗauki iskar oksijin da za ta ƙona man da ita, a sanyaye har ta zama ruwa. Tana feso hayaƙi mai zafi ta baya da matsanancin gudu, hayaƙin kuma na tunkuɗa ta gaba. Ba ta buƙatar abin da za ta tokara a waje, don haka ma ta fi aiki da kyau inda babu iska.

Matsalar ita ce man da za ta ƙona nan gaba, kaya ne a kanta yanzu. Kamar ayarin da zai keta hamada ne: in ka ƙara ruwan guzuri sai ka ƙara raƙumin da zai ɗauka, shi ma raƙumin sai ya sha. Wani malamin makaranta ɗan Rasha a garin Kaluga, Konstantin Tsiolkovsky, shi ya fitar da lissafin wannan a 1903, shekarar da jirgin sama na farko mai inji ya tashi. Ga abin da lissafin ya ce. In kana so rokarka ta kai gudun da hayaƙinta ke fita da shi, nauyinta da mai dole ya ninka nauyinta ba mai sau 2.7. In kana son ninki biyu na wannan gudu, sau 7.4. In ninki uku, sau 20. Hayaƙin injin da ke ƙona kananzir da oksijin yana fita da wajen kilomita 3 a sakan, mu kuma in aka haɗa da asarar da iska da janyowar duniya ke jawowa a hanya, sama da kilomita 9 a sakan muke nema. Ninki uku ke nan. Wato kashi 95 cikin 100 na rokar mai ne, sauran kashi 5 shi ne tankuna da injuna da kayan da aka ɗauko gaba ɗaya. Kun ga babu sarari.

Mafitar ita ce a gina roka hawa-hawa. Sashen ƙasa ya ƙone mansa, a yar da shi da tankunansa, na sama ya kunna nasa ba tare da jan matacciyar kaya ba. Saturn V da ta kai mutane wata a 1969 hawa 3 gare ta, tsawonta mita 110, nauyinta kusan tan 3,000. Sashenta na farko minti 2 da rabi kawai ya yi aiki aka rabu da shi. Abin da ya dawo duniya da mutum 3 a ciki bai kai tan 6 ba.

To mu hau sama kaɗan. Duk yadda ka yi nisa da duniya, janyowarta na raguwa, don haka gudun da kake buƙata ya ragu, ga kuma hanyar ta ƙara tsawo. Johannes Kepler na Jamus ya wallafa ƙa'idar a 1619 bayan nazarin tafiyar duniyoyi a kewayen rana, kuma ita ce dai ke aiki a kan taurarinmu. A sauƙaƙe: in nisanka daga tsakiyar duniya ya ninka sau 4, lokacin zagayenka zai ninka sau 8. Mu gwada. Tashar sararin samaniya tana wajen kilomita 6,800 daga tsakiyar duniya. Taurarin GPS da wayoyinku ke amfani da su suna wajen 26,600, kusan ninki 4. Ku ninka minti 92 sau 8, za ku samu awa 12 da ɗan ɗori. Su kuwa taurarin GPS zagayensu kusan awa 12 ne. Wallahi duk lokacin da na yi wannan lissafi a aji sai na ji daɗi, ƙa'idar da ta haura shekara 400 ga ta tana faɗa maka inda na'urar yau take.

Ka ci gaba da hawa har kilomita 35,786 daidai saman ikwaita, sai zagayenka ya zama awa 23 da minti 56, daidai da juyin duniya ɗaya. Tauraron na gudun kilomita 3 a sakan, amma mu da ke juyawa tare da shi sai mu gan shi a tsaye. Shi ya sa mai ɗaura dish yake saita shi sau ɗaya ya ɗaure, ya sauko. NigComSat-1R na Najeriya, wanda aka harba daga Xichang a ƙasar Sin cikin Disambar 2011, a wannan falaki aka ajiye shi. Tun a Agustan 1963 ma, Shugaba Kennedy da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa sun yi magana ta waya ta kan Syncom 2, tauraron farko da ya kai wannan tsayi mai zagayen yini guda, ta hanyar wani jirgin ruwan Amurka da ke tashar Legas. Nisan yana da farashinsa: saƙo ya hau ya sauko sai ya ci kusan rubu'in sakan.

Yadda ake kai tauraro can kuwa, ba a miƙe ake zuwa ba. Roka na sakinsa a wani falaki mai siffar ƙwai, gefe ɗaya kusa da duniya, ɗaya gefen can saman. Yana hawa gudunsa na raguwa, in ya kai ƙoli sai ya kunna ɗan injinsa ya ƙara gudu, falakin ya zama da'ira. Injiniya Walter Hohmann na Jamus ya bayyana wannan hanya a 1925, shekara 32 kafin Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko.

A nan akwai abin da ke rikita har ƙwararru. In ka kunna inji ka tura kumbonka gaba, falakinka zai ɗaga, zagayenka ya ƙara tsawo, ka koma baya. A watan Yunin 1965 James McDivitt, gogaggen matuƙin jirgin yaƙi, yana cikin kumbon Gemini 4 ya yi ƙoƙarin matsawa kusa da sashen rokar da ta kawo su. Ya dosa shi kai tsaye kamar yadda matuƙi zai yi, abin na ƙara yi masa nisa, har ya ƙona mai da yawa aka ce ya haƙura. In abin da kake bi yana gabanka a falaki ɗaya, birki za ka taka. Sai ka sauko ƙasa kaɗan, inda zagaye ya fi gajarta, ka riƙa cin tazarar a kowane zagaye, in ka iso sai ka ƙara wuta ka hau wurinsa. Da wannan dabara, ranar 15 ga Disambar wannan shekarar, Wally Schirra ya kawo Gemini 6 kusa da Gemini 7 har tsakaninsu bai wuce santimita 30 ba. Duk kumbon da ke kai kaya ko mutane tashar sararin samaniya a yau haka yake yi, daga ƙasa yake biyo ta.

Ga aikin gida. Wata yana kimanin kilomita 384,000 daga duniya, wato ninki 9 na nisan tauraron dish daga tsakiyar duniya, wanda yake kilomita 42,000. Ninki 4 ya ba mu sau 8, domin tushen 4 shi ne 2, kuma 2 sau 2 sau 2 ya ba da 8. Ku yi haka da 9, ku gaya mini kwana nawa wata ke yi kafin ya zagaya duniya. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu duba amsoshinku, sannan mu ɗauki maganar dawowa daga falaki da zafin da kumbo ke sha a hanya. Wassalamu alaikum.