Amsoshin Tambayoyinku: Magani ɗaya muke sha, me ya sa bai ci wa maigida ba?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Takardarmu ta farko daga Gombe take, daga wata baiwar Allah da ta ce a sakaya sunanta. Ita da maigidanta suna ɗauke da HIV, kuma ƙwaya iri ɗaya suke karɓa a asibiti ɗaya. Da aka auna jininsu, tata cutar ta kwanta, tasa kuwa sai hauhawa take yi. Shi ne take tambaya, ko jabun magani ake ba shi?

To Malama, Allah ya ƙara muku lafiya. Da wuya a ce jabu ne, tunda wuri ɗaya kuke karɓar maganin. A jikin maigida za a nemi dalili.

Ƙwayar HIV da ke jikin mutum ɗaya ba iri ɗaya ba ce. Idan ba a shan magani, tana iya hayayyafa har kusan biliyan 10 a rana. Kuma wajen kwafar kanta, tamkar magatakarda take mai gaggawa, wanda ba ya komawa ya duba abin da ya rubuta: nan ya tsallake harafi, can ya musanya wani. Yawancin 'ya'yan da suka fito da kuskure nakasassu ne, ba sa zuwa ko'ina. Amma cikin wannan tulin akan dace da ƴan ƙalilan da kuskuren ya zame musu sulke, wani magani ba ya kama su. Magani yana share sauran, sai fili ya zama nasu.

An ga haka tun farko. A 1987 aka fara ba da wani maganin HIV mai suna AZT shi kaɗai a Amurka, kafin shekara biyu ta cika an gano ƙwayoyin da suka bijire masa. Sai a 1996 aka koma haɗa magunguna uku, domin da wuya ƙwaya guda ta dace da sulken ukun a lokaci ɗaya.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsallake sha. Yau a sha, gobe tafiya ta kama a manta, sai ƙarfin maganin ya ragu a jini, bai isa ya danne cutar ba, amma ya isa ya tace masu taurin kai. Tsohon haɗin da ke da maganin efavirenz ya fi fuskantar wannan, saboda sauyi ɗaya tak a jikin ƙwayar cutar ya isa a kayar da shi. Wannan na cikin abin da ya sa a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita maganin dolutegravir, wanda ke cikin ƙwayar TLD da ake rabawa yanzu. Shi ba ya faɗuwa da sauƙi, don haka idan TLD maigida yake sha, abin da za a fara zargi shi ne ba ya haɗiya kullum. A tambaye shi cikin lalama, ba da faɗa ba.

A ƙa'ida, idan awo ya nuna ƙwayoyin cutar sun wuce 1,000 a mililita ɗaya ta jini, za a zauna da shi a gyara yadda yake sha, bayan wata uku a sake awo. In bai sauka ba, likita ne zai yanke shawarar sauya magani. Kafin nan, ku riƙa amfani da kwaroron roba, ke kuma kada ki yi wasa da naki.

Sai wani saƙo daga Maraɗi, inda wani bawan Allah ke cewa an haɗa masa da maganin tarin fuka, kuma an ƙara masa ƙwayar dolutegravir da dare, ko kuskure ne? Malam, daidai aka yi maka. Rifampicin da ke cikin maganin tarin yana sa hanta ta yi saurin fitar da dolutegravir, shi ya sa ake ƙara miligiram 50 bayan awa 12. Ka ci gaba da sha har sai likitanka ya ce ka tsaya.