Haɗa Magani a Cikin Ruwan Sabulu

Wannan lacca ce da wani malamin kimiyyar sinadarai ya gabatar a Gusau a gaban ɗalibai da malaman kimiyya na sakandare da wasu masu sayar da magani. An rubuto ta daga faifan murya, an rage gaishe-gaishe.

Assalamu alaikum. Malam shugaban taro, iyayenmu, malamai, 'yan'uwa ɗalibai, Allah ya saka da alheri da wannan zama.

Idan ka sayi ƙwayar magani a kemis, abin da ke hannunka ɗan mitsitsi ne, amma abin da aka zubar kafin a samar da shi ya ninka shi sau da yawa. Wani masani, Roger Sheldon, ya fito da ma'aunin wannan a 1992. Lissafin ba wuya: kilo nawa na shara aka tara kafin a samu kilo ɗaya na kayan da ake nema? A masana'antar magunguna ya samu kilo 25 zuwa 100, wani lokaci ma fiye. Matatar mai, da duk muke zagi, ba ta kai kilo ɗaya ba a wannan ma'aunin.

To mece ce wannan shara? Mafi yawanta ba kayan maganin ba ne, sinadaran narkarwa ne. Kafin sinadari biyu su haɗu su zama sabon abu, sai an narkar da su a cikin wani ruwa da za su yi yawo a ciki su riƙa cin karo da juna. Kayan haɗa magani galibi dangin mai ne, ba sa narkewa a ruwan sha. Saboda haka ake amfani da toluwin da daikloromitan da DMF da NMP da ire-irensu, kusan duk daga man fetur aka samo su. Wasu na kama wuta, wasu na taɓa hanta, wasu na cutar da ɗan tayi. Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da NMP daga 2020, ta bi da DMF a ƙarshen 2023. Amurka kuma ta haramta mafi yawan amfani da daikloromitan a 2024.

Mu a Zamfara ba sai an yi mana dogon bayani kan abin da ake zubarwa ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, Allah ya jiƙan su. Zinariya aka nema, aka kwashe ta, ƙurar dutsen da aka niƙa ta zauna a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Dalma daban, sinadarin narkarwa daban, amma tambayar ɗaya ce: ina ragowar ta tafi?

A 1998 Paul Anastas da John Warner suka jera ƙa'idoji 12 na tsabtace wannan sana'a tamu, ta biyar a ciki tana magana ne kan sinadaran narkarwa. Tun kafin su, a 1980, Ronald Breslow ya nuna cewa akwai haɗin da ya fi sauri a cikin ruwa ƙwarai, abin da ya ba mutane mamaki, don mu an koya mana cewa ruwa abokin gaba ne, a busar da kwalba tas kafin a fara aiki. Amma matsalar narkewa tana nan daram.

A nan sabulu ya shigo. Kowa ya taɓa wanke kwanon da aka ci miyar manja a ciki. Ruwa zalla sai ya zame a kan man ya wuce, ka goga sabulu kaɗan man ya tashi ya bi ruwa. Dalili shi ne kowace ƙwayar sabulu tana da kai mai son ruwa da wutsiya mai son mai. Idan suka yi yawa a ruwa sai su dunƙule, wutsiyoyin su ɓuya a ciki, kawunan su fuskanci waje. Wannan dunƙule shi ake kira maisel, kuma cikinsa mai ne zalla. Manjan bai narke a ruwa ba, ya shige cikin maisel ne.

To Farfesa Bruce Lipshutz na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara ya ce, tunda cikin maisel mai ne, me zai hana a yi haɗin a can? Sai dai ba kowane sabulu ba. Shi da ɗalibansa suka ƙera nasu, suka fitar da shi a 2011 da sunan TPGS-750-M. Wutsiyarsa bitamin E ce, kansa wani dogon sinadari ne mai son ruwa da ake kira PEG, an haɗa su da asid ɗin suksinik. Duk abubuwa ne marasa cutarwa. A shekarar 2011 ɗin Lipshutz ya samu lambar yabo ta shugaban Amurka a wannan fanni. Daga baya suka fitar da wani mai suna Nok, wanda wutsiyarsa daga man tsirrai take.

Bari in nuna maku yadda aikin yake a kan tebur. Ka auna gram 2 na wannan sinadari, ka cika da ruwa ya zama gram 100. Ka zuba kaɗan a 'yar kwalba, ka sa kayan haɗinka da katalis, wato sinadarin da ke hanzarta haɗin, ka jefa ɗan maganaɗisun juyi. Da farko abin ba kyan gani, gari na yawo, wani ya manne a jikin kwalba, ɗalibi zai ce ya lalace. Ka bar shi yana juyawa da ƙarfi. Maisel ɗin, kowane faɗinsa kamar nanomita 50 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), suna ɗaukar kayan kaɗan-kaɗan, a gama a ciki, abin da aka haɗa ya fito, wani ya shiga. Saboda wurin matsattse ne, kayan na cin karo da juna akai-akai, shi ya sa haɗin da a da sai an tafasa shi awanni yake yiwuwa a zafin ɗaki ko digiri 45. (Dariya.) Na ji wani ya ce a watan Afrilu zafin ɗakin Gusau ya kusa kai wa can. Ba ƙarya ka yi ba, Malam, kuma ga wanda ke fama da wutar lantarki wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. In an yi sa'a, abin da aka haɗa sai ya kwanta a ƙasa, a tace, a sake amfani da ruwan.

Haɗin da aka fi gwadawa shi ne na Suzuki, wanda ya sa Akira Suzuki ya samu kyautar Nobel a 2010 tare da Heck da Negishi. Da shi ake haɗa losartan, maganin hawan jini da masu kemis a nan suka sani, da boskalid, maganin feshin cutar tsirrai. Wannan haɗi na bukatar faladiyom a matsayin katalis, ƙarfen da Rasha da Afirka ta Kudu suka fi haƙowa, wanda a 2020 da 2021 ya fi zinariya tsada. A al'ada ana sa kashi 1 zuwa 5 cikin ɗari. A cikin maisel an nuna ana iya sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu. A ganina wannan ne ya ja hankalin kamfanoni fiye da maganar muhalli. Novartis, kamfanin magunguna a Suwizalan, ta kai aikin matakin kilo-kilo, ba 'yar kwalba ba. AbbVie kuma, wani kamfanin magunguna, ta gwada HPMC, sinadarin da ake lulluɓe ƙwayoyin magani da shi, a madadin sabulun, ya yi aiki.

Yanzu ga inda nake so ɗalibai su buɗe kunne. Don an ce ruwa, ba shi ke nan an tsarkaka ba. Ruwan da aka gama haɗi a ciki ba na alwala ba ne. Akwai ɓurɓushin faladiyom, da gishiri, da ragowar kayan da ba su haɗu ba, da sabulun kansa. Toluwin ana iya tace shi da zafi a sake amfani da shi, ko a ƙone shi. Gurɓataccen ruwa ba ya ƙonuwa cikin sauƙi, kuma tsarkake shi kuɗi ne. Sannan sau da yawa sai an ƙara ɗan sinadarin narkarwa don kayan su juya, ko a sa itil asitet, shi ma sinadarin narkarwa ne, a ciro abin da aka haɗa. Na karanta takardu da kan maganarsu ke cewa an yi aiki a ruwa, kana zuwa sashen bayani ka tarar an wanke da lita guda ta sinadari a ƙarshe. Wanda ya rubuta haka, a mayar da shi kan lissafin Sheldon, a sa ruwan ma a ciki.

Duk da haka ina ganin hanyar ta dace da mu. Ɗakunan gwajinmu da yawa ba su da akwatin zuƙe hayaƙi mai aiki, ba mu da wurin ƙona sharar sinadarai, kuma duk kwalbar da muka saya da dala aka shigo da ita.

Wata malamar sakandare ta tambaya ko omo zai yi.

Hajiya, dangin abin da ke cikin omo, wato SDS, an daɗe ana gwada shi, kuma Shu Kobayashi a Japan ya haɗa shi da ƙarfen skandiyom ya yi aiki mai kyau. Amma maisel ɗinsa ƙanana ne, kuma omon kasuwa cike yake da turare da sinadarin sa kaya su yi fari da za su ɓata haɗin. Abin da zan so a duba shi ne aduwa. Tana ɗauke da safonin, sabulu na halitta, shi ya sa iyayenmu suka yi wanki da ita. Duk ɗalibin da ke neman aikin kammala digiri, ya tatso safonin ɗin, ya auna yawan da ake bukata kafin maisel su fara haɗuwa, ya gwada haɗi mai sauƙi da ba ya bukatar faladiyom, ya kwatanta da ruwa zalla. Ya kuma auna ruwan da ya rage, ya rubuta abin da ke ciki. Akwai wata tambayar?