Ƙaramar kyamarar fim mai zumin: inda take burgewa da inda take ba da kunya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Wannan 'yar abar da kuke gani a tafin hannuna kyamarar fim ce, Olympus mju II Zoom 80, a Amurka kuma Stylus Epic Zoom 80 suke ce mata, ta fito ne wajen ƙarshen shekarun 1990. Irin kyamarar nan ce da ba ruwanka da wani saiti, ka nuna ta inda kake so ka danna, shikenan ita zata ƙarasa sauran aikin. Yau da ita zamu yi misali, amma kusan duk abin da zan faɗa ya hau kan 'yan uwanta, su Pentax Espio, su Canon Sure Shot masu zumin, su Nikon Lite Touch, duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Bari in fara da abin da ya sa har yanzu mutane ke nemanta. Ku duba nan. Wannan murfin na gaba in ka ja shi gefe kyamara ta kunna kenan, lens ya leƙo waje da kansa, in ka mayar da shi ta kashe, ba wani maɓallin kunnawa, ba marfin lens da zai faɗi a hanya ya ɓace. Dabarar ta samo asali ne tun daga Olympus XA ta 1979 wadda Yoshihisa Maitani ya tsara, aka ci gaba da ita a mju ta farko a 1991. Ka jefa ta aljihun gaba na kaftani ma ta zauna daram, kuma wannan ba ƙaramin abu bane, dan babbar kyamara mai jaka da igiya sau da yawa a gida ake barinta saboda nauyi da kuma yadda mutane ke tsarguwa da zarar sun ga ka ɗaga ta. Wannan kuwa ba mai ɗaukarta da muhimmanci, mutane suna ci gaba da hirarsu da dariyarsu, kai kuma ka ɗauki abinka.

Saka fim ma ba wahala. Ka buɗe baya, ka ɗora gwangwanin fim ɗin, ka ja bakinsa zuwa wannan alamar, ka rufe, zaka ji ta yi zuuu ta ja shi da kanta har lamba 1 ta fito a ɗan allon da ke jikinta. Wannan zanen azurfa da baƙi da ke jikin gwangwanin shi ne DX, Kodak ne suka kawo shi a 1983, da shi kyamarar ke gane ƙarfin fim ɗin, ko 200 ne ko 400. Fim ya ƙare ta naɗe shi da kanta. Batir ɗaya take ci, CR123A, kuma yana jimawa.

To yanzu maganar zumin ɗin, wanda shi ne dalilin wannan bidiyo gaba ɗaya.

Kafin 1986 ƙananan kyamarori irin wannan ba su da zumin, in kana son abu ya matso sai dai kai ka matsa da ƙafarka. A shekarar ne Pentax suka fito da Zoom 70 mai 35 zuwa 70mm, wato in lambar mm ɗin ta ƙaru abin da ke nesa sai ya ƙara matsowa, daga nan sai gasa ta ɓarke, wannan kamfani ya ce 105, wancan ya ce 140, har aka kai wajen 200mm a jikin abar da bata fi sabulun wanka girma ba. Mai saye kuma lamba yake kallo a jikin kwali, wadda ta fi yawa ita yake ɗauka. Abin da ba'a cika rubutawa da manyan baƙi ba shi ne ɗaya lambar, wadda ke farawa da f.

Ku karanta abin da ke rubuce a bakin lens ɗin nan, 38 zuwa 80mm, sannan 4.5 zuwa 8.9. Wannan ta biyun girman ƙofar da haske ke bi ya shiga ne, kuma a juye take, in lambar ta ƙaru to ƙofar raguwa ta yi. Kana 38mm ƙofarka f/4.5 ce, ba yabo ba fallasa. Da zarar ka danna zumin har ƙarshe ta koma f/8.9, wato hasken da ke isa kan fim ya koma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wanda kake samu ɗazu. Kamar dogon zaure ne, hasken da ke bakin ƙofa ba shi ke kaiwa ƙurya ba. In kuma ka haɗa ta da yayarta mju II marar zumin ta 1997, mai 35mm f/2.8, to waccan tana shigar da haske kusan ninki goma na abin da wannan ke samu a ƙarshen zumin. Ninki goma fa.

Me hakan ke jawowa? In haske ya yi kaɗan, kyamara abu biyu take da shi, ko ta bar ƙofar a buɗe ta daɗe, ko ta harba filash. In ta bar ta a buɗe, a cikin ɗaki da ƙwan lantarki abin zai iya kai kusan rabin sakan, kuma ba hannun da zai tsaya cak tsawon haka, balle ga shi ka yi zumin, wanda shi kansa yana ƙara girman duk wata 'yar rawar hannu. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ita ce a 80mm kana buƙatar wajen kashi ɗaya cikin tamanin na sakan ko abin da ya fi haka sauri. Kaga kenan wuri ɗaya ta buge ka sau biyu, ta rage maka haske a daidai lokacin da ka fi buƙatarsa. Shi yasa in ka buɗe tsofaffin albam na biki zaka ga hotunan da aka ɗauko daga nesa duk sun yi dishi-dishi, amarya ta zama inuwa, a ce ai mai ɗaukar ne bai iya ba, alhali ba laifinsa bane sosai.

Filash ɗin kuma ɗan mitsitsi ne, 'yan taku kaɗan yake kaiwa, kuma nisan da yake kaiwa yana raguwa kusan rabi in ka tashi daga 4.5 ka koma 8.9. Ka lura da abin dariyar, ka yi zumin ne saboda abin yana nesa, shi kuma filash a lokacin ne ya fi gajarta. Wanda ya zauna a bayan zauren taro ya yi zumin kan mai jawabi ya harba filash, ƙeyar mutanen gabansa kawai zai samu fes, can gaba kuwa duhu. Ga jan ido, dan filash ɗin yana dab da lens, hasken ya shiga ƙwayar ido ya dawo kai tsaye. Akwai saitin rage jan ido, yana ta walƙiya kafin ya ɗauka, kafin nan yara sun riga sun kau da kai.

Wani abin haushin kuma, wallahi wannan yana ci min rai, duk lokacin da ka rufe murfin to ta manta ka kashe filash. Ka sake buɗewa ta koma otomatik, sai ka sake bin wannan ɗan ƙaramin maɓallin da farce. Ka manta sau ɗaya kawai, sai ka haske fuskar bawan Allah a inda bai dace ba.

Amma fa kar ku ce na kushe ta. Ku fito da ita rana ku ga aiki. Da fim ɗin 400 irin Kodak Ultramax, a rana tsaka, f/8.9 ba komai bane, hasken ya ishe ta har ya yi saura, kuma mu nan in akwai abin da Allah ya hore mana to rana ce. Ku kalli wannan hoton, a 38mm aka ɗauke shi da hantsi, ku duba zaren aikin da ke wuyan rigar nan, ku duba yadda launin shuɗin ya zauna, bangon ƙasan da ke baya ma ana ganin tsagarsa. Girman kowane hoto a kan fim ɗin da ke cikinta 24mm ne da 36mm, daidai da wanda ke cikin manyan kyamarorin ƙwararru, ba'a rage masa komai ba. Kuma fim mai kala irin na nagetif yana da haƙuri, ko haske ya ɗan yi masa yawa yana shanyewa, farar shadda a rana bata ƙonewa ta zama fari fat yadda take yi a wasu wayoyin. Wannan na biyun kuma a 80mm ne, rana ɗaya wuri ɗaya, har yanzu yana da kyau, sai dai in kun matso gefe-gefen zaku ga ya ɗan yi laushi, kaifin bai kai na farko ba. Ni dai a ganina 80 ɗin nan ma shi ne iyakar hankali, masu 140 da 170 ɗin can ƙofarsu a ƙarshe tana wuce f/10, sai dai a yi sha'ani.

Inda zumin ɗin ke da rana shi ne hoton fuska. A 38mm in ka matso kusa da mutum hanci sai ya ɗan yi girma, fuska ta kumbura, amma ka ja baya ka sa wajen 70 ko 80 a waje cikin haske, sai fuskar ta zauna yadda take, kuma ka yanke tarkacen da ke gefe. Wannan kam marar zumin bata iya shi ba, duk tsadarta.

Tunda an zo maganar tsada, tun wajen 2017 da Kendall Jenner, shahararriyar mai tallan kayan sawa, ta fito da kyamarar Contax T2 a wani shirin talabijin na Amurka, kuɗin ƙananan kyamarorin fim marasa zumin ya haukace, mju II ɗin ma ta bi sahu. Masu zumin su ma sun tashi amma basu kai can ba, dan an ƙera su da yawan gaske kuma 'yan gayu basu cika yi musu kallon arziki ba. Ga mai son ya ɗanɗana fim ba tare da ya zubar da jari ba, wannan alheri ne.

Sai tagar leƙe. Abin da kake gani ta wannan 'yar tagar ba ta cikin lens yake zuwa ba, tagar daban lens daban, dan haka in abu yana kusa sosai sai ka ga ka yanke wa mutum hula alhali a tagar ka gan ta cif. Akwai 'yan layuka a ciki da ke nuna maka inda zaka tsaya, a kula da su. Kuma ba zaka san ko fokos ya hau ba sai dai koren fitilar nan ta gefe, ita ma cewa take ta kama wani abu, bata ce maka mene ne ba. Mutum biyu su tsaya ka saita tsakaninsu, sai ta kama bishiyar da ke baya. Maganinsa ka ɗora tsakiyar tagar kan fuskar ɗaya, ka danna rabi ka riƙe, ka gyara tsayuwar hoton sannan ka ƙarasa dannawa. Ta bayan gilashin mota ma da yawansu ruɗewa suke. Ga ɗan jinkiri tsakanin dannawa da ɗauka, in doki ne a guje a hawan sallah to sai ka riga shi, in ba haka ba jela zaka samu.

Babban abin tsoron dai shekaru ne. Abar nan ta haura shekara 25, cikinta 'yan giyoyin roba ne da ƙaramar mota da siririn fileks, wato wata shimfiɗaɗɗiyar wayar lantarki, da ke lanƙwashewa duk lokacin da lens ya fita ya dawo. Ranar da ɗaya ya gaji, lens ya maƙale a waje, to sau da yawa an gama, dan ba'a ƙera kayan gyaranta yanzu, Olympus ɗin ma sun sayar da sashen kyamararsu tun 2021, mai gyara sai dai ya ciro daga wata matacciyar. Kuma su waɗannan Olympus masu zumin an san su da wata cuta, robar da ke zagaye da lens tana tsufa ta saki, haske ya riƙa satar hanya, sai ka ga wani farin zobe ko rabin da'ira a kan hoto, musamman in an yi zumin a rana. Ba zaka gane ba sai an wanke fim. An rubuta mata cewa tana jure yayyafi, gaskiya ne lokacin tana sabuwa, yanzu kam kar ka gwada ta da ruwan Agusta. Ƙurar hunturu ta fi ruwan ma illa, dan tana hawa jikin bututun lens, ya koma ciki da ita, ta shiga giya. Ka samo mata 'yar jaka, kuma kar ka bar ta cikin mota a rana, zafi yana dafa fim ya canja masa kala.

Kar a manta kowane danni kuɗi ne. Fim ɗaya hoto 36 ko 24, ga kuɗin fim, ga kuɗin wanki, ga na sikanin, su kuma wuraren wankin fim da a da suke kowace unguwa yawancinsu sun koma dijital, dan haka tun kafin ka sayi kyamarar ka fara binciken inda za'a wanke maka.

In ka tashi saye, ko a gwanjo ko a intanet, ka je da batir ɗinka. Buɗe gidan batir ka duba ko akwai farin gari ko kore-kore na tsatsa. Ja murfin ka saurara, lens ya fito sumul da murya ɗaya, in kana jin ƙarar-ƙarar ko yana tsayawa yana ci gaba to ajiye musu kayansu. Yi zumin har ƙarshe ka dawo, ka maimaita. Harba filash ka ga ko yana sake caji da wuri. Buɗe bayan ka ɗaga ta saitin haske ka leƙa lens ɗin, in ka ga wani abu kamar saƙar gizo a cikin gilashin to fumfuna ce. Sannan fim ɗin farko ka sa mai araha, ka ɗauki rabinsa a 38 rabi a 80 a cikin rana sosai, ka kai a wanke kafin ka yarda ka je da ita bikin kowa, dan ta nan ne kawai zoben nan zai nuna kansa in akwai shi.